Kwalbar maganin idon Sadiku

Liyon, Faransa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ya jikin Inna? Ya zafi? Na san yanzu garin Garwa ya fara ɗaukar wuta, mu kuwa har yau da rigar sanyi muke fita aiki.

Yaya, hoton kwalbar da kuka turo mini ta WhatsApp ne ya sa na zauna rubutu, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Kun ce tun farkon hunturu ake ɗiga wa Sadiku ita, duk sanda ƙaiƙayi ya taso sai a aiki yaro ya sayo wata, kuma nan da nan jan idon ke washewa. Na ƙara girman hoton, sai na ga an rubuta dexaméthasone, wani sinadari mai ƙarfi na kashe kumburi. Gabana ya faɗi, domin shi ne maganin da ke cikin idona na hagu a yanzu haka.

Ban gaya muku ba, don kada hankalin Inna ya tashi. Ciwon sukarin nan ya sa ruwa ya taru a bangon idona na can baya, har layin rubutu ya riƙa karkacewa. Na roƙi likita ta ba ni na ɗigawa. Ta ce ba zai kai wurin ba: ɗigon da aka zuba, abin da ke shiga cikin ido bai kai kashi 5 cikin 100 ba, saura hawaye ke wanke shi ya gangara hanci, shi ya sa mutum ke jin ɗaci a maƙogwaro. Sai ta kashe mini idon da maganin kashe zafi, ta sa allura ta gefen farin ido, ta ajiye wani ɗan sanda da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Miligiram 0.7 kacal ke cikinsa, yana narkewa a hankali wata huɗu zuwa shida. Ni da nake gudun allurar hannu, ranar babu addu'ar da ban karanta ba. Amma alhamdu lillahi, gani ya gyaru.

Ga inda nake so ku tsaya. Bayan wata biyu aka auna mini ƙarfin ruwan cikin ido, abin da muke ce wa hawan jinin ido. Na mai lafiya ba ya wuce 21, nawa ya kai 28. Wallahi ban ji komai ba, ba zafi, ba ja, ba ciwon kai. Da ba a auna ba, da yana nan yana cin jijiyar gani a ɓoye. Aka ƙara mini wani ɗigon na sauke shi, aka kuma gargaɗe ni cewa yanar ido na iya fitowa. Ita yanar da sauƙi, ana yi mata aiki a cire. Abin da hawan jinin ido ya ci kuwa ba ya dawowa, ko a nan Faransa.

To ni ke nan da likita ke bibiyata. Sadiku shekararsa tara, kuma na yara ya fi saurin hawa. Ban ga laifinku ba, kowa ya ga ɗansa yana murza ido yana kuka zai nemi abin da ke aiki, kuma maganin yana aiki, shi ne ma haɗarinsa. In kuma akwai gyambo a baƙin ido, ƙara rura shi yake yi.

Don Allah ku kai shi wajen likitan ido a cikin makon nan, ba mai sayar da magani ba. Ku tafi da kwalbar, ku faɗi gaskiyar watannin da aka yi ana ɗigawa, ku ce a auna tansiyon ɗin ido, wato hawan jinin idon. Likita ne zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali, don in an yanke kwatsam ƙaiƙayin kan dawo da ƙarfi. Akwai na ƙaiƙayi da babu irin wannan sinadarin a ciki. Kafin nan a riƙa ɗora masa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi. A bar kwalli tukuna, kuma kada Inna ta ɗiga ragowar a nata idon, na san halinta da "kar a yi asara".

Na tura kuɗin mota da na likita ta lambar Orange ɗinku. In kun dawo ku turo mini lambar da aka auna, ido biyun duka.

A gaida Inna da Hajiya da yara. Inna kada ta ji zancen allurar, ni zan gaya mata da bakina.

Ƙaninku,
Bashiru