Wasiƙa daga Stavanger: jirgin da ya kwana shekara saba'in a ruwa

Stavanger, Norway
10 ga Yuni, 2012

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Yaya gareji, yaya zafi? Mu nan rana ce ta ƙi faɗuwa, sai ƙarfe goma na dare ya wuce ake kiran magariba, har na fara tunanin yadda azumin bana zai kasance.

Wani abu na gani ranar Asabar 2 ga wata, kuma tun ina tsaye a wurin kai nake tunawa. An tsamo jirgin saman yaƙi na Jamus daga mashigin tekun Hafrsfjord, kusa da filin jirgin Sola. Heinkel He 115 ake kiransa, irin mai sauka a kan ruwa, wanda maimakon tayoyi aka yi masa ƙafafu biyu kamar kwale-kwale. Inji biyu gare shi na BMW, mutum uku yake ɗauka, faɗin fikafikansa ya haura mita 22. A ƙarshen Disamba 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus na mamaye da ƙasar nan, ya zo sauka, ƙafa ɗaya ta ɓalle, ya kife. Mutanen ciki sun tsira, Jamusawa suka cire inji ɗaya, sauran ya nutse. Shiru har 2005, lokacin da hukumar taswirar ƙasar ke gwajin na'urar auna ƙasan teku ta ci karo da shi a zurfin kusan mita 60.

Ni da na je, gwangwani ruɓaɓɓe na zaci zan gani. Wallahi da injin ɗaga kaya ya cira shi sama, ruwa da laka na zuba daga jikinsa, sai da tsigar jikina ta tashi. Fentinsa na nan. Lambobin da aka rubuta masa a gefe ana karanta su, ga baƙin gicciyen sojan Jamus ɓaro-ɓaro. Wani dattijo da ke kusa da ni ya bayyana min cewa ƙasan mashigin ba shi da iska sosai, ruwan can ba ya motsi, shi ya sa tsatsa ba ta sami yadda take so ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo baya, kuma na san kai za ka fi ni gane shi. Ashe fito da jirgin shi ne mai sauƙi. Gishirin teku ya shige kowace kafa da kowace mahaɗa ta alminiyam ɗin, idan aka bar shi ya bushe a iska, sai ya soma cin ƙarfen daga ciki ya mai da shi gari. Don haka mutanen gidan tarihin jirage na Sola, yawancinsu 'yan sa-kai ne, suka warware shi gunduwa-gunduwa, fikafikai daban, gangar jiki daban, suka zuba a wani katafaren kwarmin kankare cike da ruwan daɗi. Nan zai zauna shekaru, ana sauya ruwan, har gishirin ya fita. An fitar da shi daga ruwa an mayar da shi ruwa ke nan! Na tuna ranar da ka jiƙa wani tsohon noti a baƙin mai kwana uku, ina ta matsa maka ka sa guduma, ka ce min ƙarfe ba ya son gaggawa.

Na yi mamaki kuma yadda suke tattalin jirgin waɗanda suka mamaye su. Da na faɗa wa dattijon, ya ce ai su ma sojojin Norway sun sayi irinsa guda shida kafin yaƙin, kuma a yau da wuya ka sami wani cikakke irinsa a duniya. Shi kansa ginin da gidan tarihin ke ciki, Jamusawa ne suka gina shi a matsayin rumfar jirage. Ban ga ƙiyayya a fuskarsa ba, ban kuma ga ya manta ba.

Na ɗauki hotuna da dama, na injin da ya rage sun fi yawa saboda kai. Zan ba ɗan'uwanmu da zai taho gida kafin azumi ya kawo maka. Ka duba su da kyau ka gaya min ko a ganinka injin nan zai sake tashi.

Ka gaishe min da Hajiya, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. A shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Amininka