Daga harafin iota zuwa jotar 'yan makaranta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu. Ran nan jikata ta kawo mini jaridar Turanci, ta ɗora yatsa kan inda wani lauya ya ce babu ko "iota" ta gaskiya a zargin da ake yi wa wanda yake karewa. Na ce mata nufinsa babu gaskiya ko ƙwayar zarra. Sai ta ce, "To Kaka, daga ina kalmar ta fito?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, don na shekara 30 ina koyar da Turanci, ɗaliban da suka taɓa yi mini irinta ba su kai goma ba.

Iota sunan harafi ne, na tara a jerin haruffan Girkanci. Ɗan layi ne tsaye, babu lanƙwasa, duk ya fi sauran ƙanƙanta. Girkawa sun aro shi daga Finikiyawa, mutanen dā na yankin Labanon ta yau, masu kiransa yod, wato hannu. Duk wanda ya yi karatun allo zai tuna da "yad" na Larabci, kuma harafin ya da muke rubutawa a ajami ɗan'uwansa ne.

Ta hanyar Linjila ma'anar "ɗan mitsitsi" ta kama ƙasa a Turanci. A Matiyu sura ta 5, aya ta 18, an ruwaito Annabi Isa, alaihis salam, yana cewa ko harafi mafi ƙanƙanta na Attaura ba zai shuɗe ba. Da William Tyndale, wani malami ɗan Ingila, ya fitar da fassararsa ta Linjila zuwa Turanci a 1526, sai ya rubuta kalmar "iott". A wancan zamani ba a raba I da J ba tukuna, shi ya sa ta rikiɗe ta zama "jot", kamar yadda take a bugun baya-baya na fassarar Baibul ta Sarki James, wadda aka fara fitarwa a 1611. Daga baya "jot" ta ɗauki ma'anar rubuta ɗan abu a gurguje, aka sami "jotter".

Nan na sa jikata ta buɗe jakarta. Ta zaro jotarta mai yagaggen bango, ta yi ta juya ta tana murmushi.

Don Allah, Malam Edita, ku ware mana ɗan gurbi duk mako na asalin kalmomi, na Hausa da na aro. Yaranmu suna haddace ma'ana don jarrabawa kawai, alhali da labari kalma ta fi zama a ka. In kun buɗe, ni zan fara aiko muku da nawa.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, Zariya