Faɗuwar da ba farfaɗiya ba: ciwon yara da ke ruɗa iyaye da malamai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi wa iyaye da malaman makaranta bayani kan wani ciwon yara da a unguwanninmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 ake yi wa fassara uku: wasu su ce farfaɗiya ce, wasu su ce iska ce, wasu kuma su ce yaron ƙarya yake yi don gudun makaranta. Likitoci na kiransa FND a taƙaice. Da Hausa, tangarɗar saƙo ce tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki.

Ƙwaƙwalwar yaron ba ta da ƙari ko tabo, jijiyoyinsa ba su tsinke ba, shi ya sa hoton MRI kan fito lafiya lau. Kamar mahaɗar titi ce da danjarta ta rikice: kwalta lafiya, motoci lafiya, amma an tsaya cik. Yaro zai faɗi yana jijjiga, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ko hannu ya kama karkarwa, ko murya ta ɗauke. Ba da gangan yake yi ba, kuma tsawa ba ta tsayar da shi. Ciwon ya fi kama yara daga shekara 10 zuwa sama, kuma bayan balaga ya fi yawa a 'yan mata. Yakan biyo bayan zazzaɓi, targaɗe, suma, rasuwa a gida, tsangwama a aji ko fargabar jarrabawa. A wasu yaran ba a samun dalili ko ɗaya, kuma tun 2013 ƙa'idojin da likitoci ke bi suka daina sharɗanta sai an gano wata damuwa kafin a ba ciwon sunansa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton ana cewa FND ne kawai don gwaji bai nuna komai ba. Ciwon yana da alamominsa da likita ke nema. Idan ƙafa ce ta mutu, za a kwantar da yaro rigingine, likita ya sa tafinsa ƙarƙashin diddigen ƙafar, ya ce ya danna ƙasa. Sai a ji babu ƙarfi. Daga nan ya ce ya ɗaga lafiyayyar ƙafar, shi likitan yana danne ta. A daidai lokacin sai diddigen da ya kasa ya danna tafin likita da ƙarfinsa. Wani likitan Amurka, Charles Hoover, ya bayyana wannan gwaji a 1908. Wasu iyaye kan ce an kama yaro da ƙarya, alhali abin da gwajin ya nuna shi ne hanyar saƙo na nan a buɗe: motsin da jiki ke yi da kansa yana wucewa, wanda yaro ya sa wa ido shi ke maƙalewa. Haka karkarwar hannu: idan aka ce ya riƙa buga tebur da ɗaya hannun a wani kari, sai karkarwar ta bi karin ko ta tsaya.

Jijjiga ita ce mai wuyar rabewa. A babbar farfaɗiya ido yawanci a buɗe yake, abin ba ya cika wuce minti 2, yaro kan ciji gefen harshe, ya biyo da minshari da ruɗewa. A FND ido yawanci a rufe yake gam, kai na kaɗawa hagu da dama, jijjigar ta yi ƙarfi ta lafa ta sake tashi, har ta kai minti 10 ko fiye, kuma wani yaron yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci, kuma akwai yaran da ke da ciwon biyu a tare. Gwajin da ya fi tabbatarwa shi ne EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa, tare da bidiyo a lokacin da abin ya taso. Don haka wanda ke kusa ya ɗauki bidiyo da waya, daga kai har ƙafa, fuska na bayyana, ya kai wa likita. Ba na turawa a WhatsApp ba ne. Mutuncin yaro ne.

Kada kowa ya yanke wannan hukunci a gida. Jijjigar farko, ko wadda ta zo da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, ciwon kai mai tsanani ko canjin launin leɓe, asibiti za a nufa nan take, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau da faɗuwar sukari suna kisa. Yaro mai sikila da ɓarin jikinsa ya saki, shanyewar ɓarin jiki ake fara zato. Duk ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana gwada bayan gidansa saboda shan inna. Lambobin gaggawa a Legas su ne 112 da 767. Akwai likitocin yara a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi.

Idan likita ya tabbatar FND ne, ga yadda ake yi in ya taso. A janye kujera, risho da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe. Mutum ɗaya ya tsaya, sauran su watse, domin taro da salati cikin firgici suna tsawaita shi. Kada a danne shi, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, manja ko rubutu yana cikin halin, domin zai iya shaƙa ya shiga huhu. A kira sunansa a hankali, a gaya masa zai wuce. Addu'a da tofi cikin natsuwa ba sa karo da magani. Duka, ɗauri, hayaƙi a hanci da matsa albasa a ido kuwa rauni suke ƙarawa, kuma tsoron da suke dasawa yana iya kiran faɗuwa ta gaba.

Maganin farfaɗiya irin su fenobabiton da kabamazafin ba ya aiki a kan FND. Sai dai ya bar yaro da gyangyaɗi a aji. Allurar diyazafam da ake maimaitawa a kemis tana iya danne numfashi. Amma wanda ya riga ya fara shan maganin farfaɗiya kada a yanke masa lokaci guda, likita ne zai rage a hankali.

Magani na farko shi ne bayani: a gaya wa yaro sunan ciwonsa, an yarda da shi, kuma ana warkewa. Yara sun fi manya saurin samun sauƙi idan an gano da wuri. Masu gashin ƙashi kan kawar da hankalinsa daga ƙafar, su sa shi tafiya da baya, ko cafe ƙwallo yana takawa, ko ƙirga daga 100 zuwa ƙasa, har jiki ya koma motsin da ya saba. Keken guragu da goyo, in sun daɗe, suna zaunar da ciwon. Likitan halayya zai koya masa gane alamar da ke riga faɗuwa, kamar jiri ko bugun zuciya, ya zauna, ya ja numfashi daƙiƙa 4, ya sake a daƙiƙa 6, yana lissafa abubuwa biyar da yake gani. A kuma bar likita ya gana da yaron shi kaɗai. Akwai abin da yarinya ba za ta iya faɗa a gaban Baba ba.

Cire yaro daga makaranta yana jinkirta warkewa. A mayar da shi da darasi biyu ko uku a rana, ana ƙarawa duk mako. A shirya da malamai cewa in ya faɗi, ya huta minti 15 a wuri mai shiru ya koma aji, ba a aika gida ba. A duba barcinsa: ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10, amma yaron Legas da ke tashi kafin asuba don gudun cunkoso, ya yi boko, ya yi Islamiyya, ya tsare shago, da wuya ya samu. FND yakan sake leƙowa lokacin jarrabawa. A koma kan matakan nan. In kuwa sabuwar alama ce da ba a saba gani ba, a koma wa likita.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar yara,
Agege, Legas.