Gudu ba ya sumar da matuƙin jirgi, kwana ce ke sumar da shi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

A shafinku na kimiyya na makon jiya an rubuta cewa matuƙan jiragen yaƙi kan suma saboda tsananin gudun jirgi. Ina roƙon a ba ni fili in gyara wannan magana, don ɗalibai na karanta shafin, kuma abin da suka gani a jarida shi suke kai wa malamansu.

Jiki ba ya jin gudu, komai yawansa, muddin jirgi na tafiya sak ba ƙari ba ragi. Jirgin fasinja na Concorde, wanda Ingila da Faransa suka ƙera, ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003 yana gudun sama da kilomita 2,000 a awa, fasinjoji na cin abinci a ciki hankali kwance. Abin da jiki ke ji shi ne canji: ƙara gudu, taka birki, ko shan kwana. Duk wanda direban motar haya ya taɓa shan kwana da shi a guje har ya manne da ƙofa ya ɗanɗana kaɗan.

Matuƙa suna auna wannan da G. G ɗaya shi ne nauyin da ƙarfin jan ƙasa ya ba ka kana zaune a gida. Jirgi ya karkata da digiri 60 yana kwana ba tare da ya yi ƙasa ba, ka shiga G biyu, nauyinka ya ninka. Jirgin yaƙi irin F-16 yana kai G tara, wato mai kilo 70 kujera za ta ji shi kamar kilo 630. Matsalar ba a ƙashi take ba, a jini take. Shi ma jinin nauyi yake yi, ya gangara ƙafafu, zuciya ta kasa tura shi zuwa kai. Gani ya dushe, sannan duhu, sannan suma. Wanda bai samu horo ba, G huɗu zuwa biyar sun ishe shi. Shi ya sa matuƙa ke saka wandon da ke kumbura ya matse ciki da cinyoyi, suna kuma ɗaure tsoka da numfashi lokacin kwana.

Gudu na da nasa hannun, ban musa ba, amma ta bayan gida. A kwana iri ɗaya, in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke tura ka gefe ya ninka sau huɗu. Don haka jirgin leƙen asirin Amurka SR-71, da ya kafa tarihin kilomita 3,529 a awa a 1976, lokacin da yake aiki ba ya kwana mai kaifi, in yana tsananin gudu sai ya ci sama da kilomita ɗari kafin ya juyo.

Likitan sojan saman Amurka John Stapp ya gwada abin a jikinsa a 1954. An harba shi kan keken roka a kan dogo, gudun sama da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cikin ƙasa da daƙiƙa biyu. Tsayawar ce ta kai shi G 46, idanunsa suka cika da jini, amma ya rayu.

Ina fatan za a buga gyaran a shafin da kuskuren ya fito.

Naku,
Malamin kimiyya mai ritaya, Zariya