Godiya ga ma'aikatan sashen ido na babban asibitin Damagaram

Assalamu alaikum. Wannan saƙo zuwa ga lokotoro da majo da infirmiyoyin sashen ido na babban asibitin ƙasa na Damagaram ne, na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani don in mutum ya je wajenku layi ba ya bari a yi godiya yadda ta kamata, sai dai gaisuwa a tsaye.

Tsohonmu tela ne a kasuwar Dole, ya haura shekara 60, yana da tansiyo, wato hawan jini, tun da daɗewa amma shan magani sai ranar da kai ya sara masa. Wata safiya bayan asuba ya ce idonsa na hagu ya ɗauke gaba ɗaya, ba zafi ba ja ba hawaye, in ka kalli idon ma lafiya lau yake. Maƙwabta kowa da tasa, wannan ya ce yana ce, wancan ya ce a sa tozali, wata ta ce iska ce. Muka ɗora shi a kabu-kabu sai asibiti.

Abin da ya fara burge ni, da majo ya ji an ce gani ya tafi farat ɗaya kuma ba ciwo, bai ce mu bi layi ba, nan take ya shigar da Baba. Aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, lokotoro ya haska ya duba can ciki ya daɗe yana dubawa, sannan ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa tsantsa, wallahi ko kalma ɗaya ta Faransanci bai jefo mana ba sai retin, shi ma ya ce ita ce ƴar fatar nan ta bayan ido mai ɗaukar hoto. Ya ce jijiya biyu ke mata aiki, ɗaya ta kawo jini ɗaya ta fitar, kamar pampo da magudana a gida, kuma tare suke bi ta cikin jijiyar gani a matse da juna. Yawanci ɗaya ce ke toshewa, to Baba duka biyun suka toshe lokaci guda, abin da ba kasafai ake gani ba, shi ya sa retin ɗin ta yi fari saboda rashin jini kuma ga jini ya fantsama a kanta don ba hanyar fita.

Ga inda godiyata ta fi yawa. Bai yi mana alkawarin banza ba. Ya ce retin in ta rasa jini, minti 90 zuwa 100 ta fara lalacewa, bayan kamar awa 4 yawancin ɓarnar ba ta gyaruwa, Baba kuma cikin barci abin ya same shi, saboda haka kada mu sayar da keken ɗinkinsa mu tafi Kano ko Yamai neman wanda zai maido da ganin. Maganar ta yi ɗaci, Inna har kuka ta yi, amma ni na san gidajen da suka ƙarar da awakinsu a irin wannan yawo.

Sai ya ce aikin da ke gabanmu yanzu shi ne ɗayan idon da kuma ran Baba kansa, don toshewar jijiyar da ke kawo jini ido ƴar uwar shanyewar ɓarin jiki ce, wanda ta samu yana cikin haɗarin ta same shi a ƙwaƙwalwa musamman kwanakin farko. Ranar aka tura mu wajen masu duba zuciya, aka yi analiz na suga da kitsen jini, ashe akwai ciwon suga ma ba wanda ya sani. Har taba lokotoro ya tambaya, Baba ya sunkuyar da kai, mu dai muka yi shiru.

Kuma ya ja mana kunne sosai kan randebu, ya ce idon da ya rasa jini haka yakan tsiro da wasu ƙananan jijiyoyi marasa kyau wajen wata 3, su toshe hanyar ruwan ido, hawan ruwa ya tashi da azabar ciwo har a rasa barci. Da suka ga alamar ta fara suka rubuta mana takarda zuwa inda za a yi masa leza, wato aikin ido da ake yi da haske, aka yi, har yau idon bai dame shi da ciwo ba. Na dama kuma garau, ya koma shago da gilashi, zare a allura ne kawai yaransa ke sa masa, maganin tansiyo da na suga kuwa Inna ce ke riƙe da su yanzu, ba fashi.

Lokotoro, majo, infirmiyar da ta riƙa kiran Baba da "Babanmu" tana riƙe masa hannu zuwa kujera, da mai gadin da ya nuna mana ƙofa ba tsawa, mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan iyaye, ya raya zuri'a, ya ƙara wa hannunku albarka. Baba ya ce in gaya wa majo ya aiko da awonsa kafin salla.

Naku, wani ɗan unguwar Birni, Damagaram.