A tuna da yaran da ke rakiyar iyayensu mata jinya a asibitocin Tawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in jawo hankalin hukumomin lafiya da al'ummar jihar Tawa a kan wasu yara da ba a cika tunawa da su ba idan ana maganar asibiti, wato ƙanne da yayyen yaron da aka kwantar, waɗanda suke zuwa lafiyarsu ƙalau amma su wuni su kwana a harabar likita tare da mahaifiyarsu har ranar sallama.

Duk wanda ya san Adar ya san yadda abin yake faruwa. Magidanta da dama suna wurin bida a Abijan ko Libiya ko Aljeriya, wasu ko damina ba ta dawo da su gida. Idan zazzaɓi ya yi wa yaro tsanani a wani ƙauye na Keita ko Buza ko Illela, majo, wato shugaban ƙaramin asibitin da ake kira CSI, ya rubuta takardar tura shi gaba, uwar ce za ta taso da goyo a baya, majinyacin a kafaɗa, ga wani ɗan shekara uku riƙe da bakin zaninta. Inda akwai kaka a gida akan bar mata shi, amma daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka fi kwantar da yara, kusan kowa yana gona.

Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma duk da jinkirin biyan kuɗin da kan sa magani ya yanke a wasu wurare, tsarin ya sa mata da yawa sun daina jira sai ciwo ya ci ƙarfin yaro. Sai dai kulawar ta tsaya ne a kan wanda ke bisa gado. Ɗan'uwansa da ke waje ba ya cikin rajistar kowa.

A wani asibiti na nan garin na ga mata sun girka murhun duwatsu uku a gindin dogon yaro suna dama kunu, tukunyar ruwa na tafasa, wata jaririya tana rarrafe kusa da garwashi, uwarta kuwa tana ciki ta riƙe hannun wan jaririyar don kada ya fizge allurar ƙarin ruwa. 'Yan kabu-kabu na shigowa da gudu har bakin ɗaki. Can gefe wasu yara sun tsinci robar ƙarin ruwa da aka yar suna ja-in-ja da ita. Da dare kuma a tabarma suke kwana a fili babu sange, a wurin da sauro ke cizon mai zazzaɓi ya tashi ya ciji mai lafiya. Ba abin mamaki ba ne uwa ta koma gida da wanda ya warke, bayan kwana goma ta dawo da wanda ya raka ta.

Akwai wata asarar da ba a gani. Tun 2013 ake rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, gida-gida, sau ɗaya a wata, kuma kowane zagaye kwana uku ake shan sa. Yaron da ke harabar asibiti ranar da masu rabo suka bi gidansu, zagayen nan ya wuce shi. Haka nan ƙyanda ta iska take yaɗuwa, allurarta ta farko kuma sai a wata 9 ake yi, saboda haka goyon da bai kai ba yana cikin haɗari duk lokacin da ya zauna cikin cunkoson masu jira.

Ban ɗora laifin a kan ma'aikata ba. Wanda ke da yara biyu ko fiye a gado ɗaya ba zai iya lura da tsakar gida ba, kuma korar yaran ba mafita ba ce, domin uwar da aka hana shiga da ɗanta za ta iya ɗauke majinyacin ta tafi tun magani bai ƙare ba. Wannan aikin gari ne. Kwamitin kula da asibiti da ma'aikatar magajin gari za su iya keɓe rumfa mai katanga ga masu jinya, a ɗaura sange, a ja famfo, a raba wurin girki da wurin zaman yara, a kuma tsayar da babura a bakin ƙofa. Kuɗin bai fi ƙarfinmu ba, tunda mun sha ganin 'yan bida sun haɗa hannu sun gina masallaci ko sun haƙa rijiya a garuruwansu, kuma da limamai za su ambaci wannan buƙata a huɗubar Juma'a, na tabbata 'yan kasuwa ba za su ƙi ba. Ƙungiyoyin mata na unguwanni su ma za su iya karɓa-karɓa wajen zama da yaran da rana.

Abin da nake roƙon Daraktan lafiya na jiha shi ne ya ba da umarni cewa duk lokacin da aka kwantar da yaro, a tambayi uwar ko ta zo da wasu, a duba karnen allurarsu, wato katin rigakafi, a auna damtsensu da ma'aunin tamowa, a ba wanda ya cancanta maganin rigakafinsa nan take. Ma'aikaci ɗaya ko ɗan sa-kai na unguwa ya isa ya yi wannan kowace safiya, kuma ya kamata a soma kafin zagayen farko na watan Yuli.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
Tawa