Ƙashi ma rayayye ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankali kan wani kuskure da ya zama ruwan dare, wato ɗaukar ƙashi tamkar busasshen itacen da aka kafa domin ya tallafi tsoka kawai. Ƙashi yana da jijiyoyin jini da kuma jijiyoyin jin zafi, kuma a ɓargon da ke cikinsa ake ƙera ƙwayoyin jini.

Wanda ya duba tsagin ƙashin cinya zai ga ɓawo mai tauri daga waje, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ƙasusuwanmu, sannan daga ciki, musamman wajen kawunansa, ya ga saƙa mai huji-huji kamar soso. Shi kansa ɓawon yana da siraran hanyoyin da jini ke bi, waɗanda likitan nan na Ingila, Clopton Havers, ya bayyana tun 1691. Zaren furotin da ake kira kolajin shi ke ba ƙashi danƙo, gishirin kalsiyam kuma ya ba shi tauri. Idan aka jiƙa ƙashin kaza cikin ruwan khal, wato binega, na 'yan kwanaki, gishirin zai narke har a iya lanƙwasa shi da yatsu, idan kuwa aka ƙona shi, zaren ne zai tafi, sai ya marmashe a hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikatan da ke ciki. Ƙwayoyin halitta da ake kira ostiyobilas su ne magina, kuma idan ginin ya rufe wasunsu sai su koma ostiyosait, su zauna cikin 'yan ramuka suna lura da nauyin da ke sauka a kan ƙashin. Ostiyokilas kuwa rusau ne aikinsu, suna narkar da tsohon ƙashi domin sabo ya sami wuri. Da wannan gini da rusau babban mutum ke sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa duk shekara, kuma shi ya sa karaya ke haɗewa, domin ɗori daidaita ƙashi kawai yake yi.

Yawancin ƙasusuwan ɗan tayi daga guringuntsi suke farawa, amma faffaɗan ƙasusuwan ƙoƙon kai daga wani tantani suke fitowa kai tsaye, kuma maɗigar jariri ita ce inda aikin bai kammala ba. Ana haihuwar yaro da ƙasusuwa wajen 270, wasu su haɗe su koma 206.

Ƙarfin ƙashi yakan kai ƙololuwa ne wajen shekara 30, daga nan rusau ya fara rinjayar gini, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Saboda haka ina ganin shafinku na lafiya ya kamata ya karkata maganar kalsiyam, bitamin D da motsa jiki zuwa ga matasa da iyayen yara, maimakon a bar ta sai ga tsofaffin da suka riga suka fara kukan ƙugu.

Naku,
Wani mai karatu